Injin Da Jan Kaya: Abin Lura Ga Mai Sayen Babbar Jif Ta Hannu

A jihar Arizona ta ƙasar Amurka akwai wata hanya mai hawa wadda ta tashi daga bakin Kogin Colorado, kusa da madatsar ruwan da a ke kira Davis Dam. Tsawon hawan kimanin kilomita 18 ne, kuma kafin mota ta kai ƙarshensa ta hau tudu wajen mita 900. Da wannan hawa ne masu ƙera motoci su ke auna motar da za su ce ta isa jan kaya, bisa ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar a shekara ta 2008. A kan ɗaura wa motar tirela shaƙe da kaya, a ranar da zafi ya kai digiri 38, a buɗe na'urar sanyaya mota har ƙarshenta, sa'an nan a ce ta hau, kada gudunta ya kasa kilomita 64 a sa'a guda. In ruwan lagireto ya zuba, ko fitilar gargaɗi ta kama, to, ta faɗi jarrabawa.

Mai sauraro zai lura ba a tambayi motar iyakar gudunta ba. Abin da a ke nema shi ne ko za ta jure zafi. Dalili kuwa, daga cikin ƙarfin da ke cikin man da injin ya sha, kimanin sulusi kaɗai ke zama aikin juya taya. Sauran duk zafi ya ke zama, wani ya fita ta salansa, wani ya shiga ruwan lagireto da baƙin mai. Motar da ba ta ɗauke da kome kaɗan ta ke taɓawa daga ƙarfinta, amma da zarar an rataya mata tan uku a baya, an kama hawa, sai injin ya yi ta cin mai ba hutu, zafin kuma ya yi ta taruwa. Wanda zai kashe kuɗinsa a kan babbar jif ta alfarma wadda wani ya riga ya mora, irin su Lexus LX ko Range Rover, wannan ne ya kamata ya sa a gaba, ba kujerun fata ba.

Masu talla sun fi son ambaton ƙarfin doki, watau awon da James Watt ya ƙago domin ya nuna yawan dawakin da injinsa mai tururi zai maye. Amma mai jan kaya akwai awon da ya fi wannan amfani gare shi, shi ne ƙarfin murɗa. Kowane makaniki ya san in noti ya ƙi kwancewa sai ya zura bututu a hannun sifana, nan da nan notin ya saki. To, haka fistin ke murɗa sandar nan ta cikin injin da a ke kira karanshaf, kuma injin da ya ke ba da murɗa mai yawa tun yana juyawa a hankali shi ne ke tada kaya daga tsaye ba tare da ya yi ta ihu ba. Dokin sukuwa daban, takarkari daban.

Ga misali daga gida ɗaya. Kamfanin Toyota ya yi Lexus LX 570 daga 2007 zuwa 2021 da injin fetur mai silinda takwas, lita 5.7. Murɗarsa wajen Newton-mita 540 ce, amma sai ya wuce juyi 3,000 a minti ɗaya ya ke kai ta. A cikin gangar jiki irin wannan kuma akwai injin gas mai silinda takwas, lita 4.5, wanda ke cikin Land Cruiser 200 da LX 450d. Shi yana ba da 650 tun daga juyi 1,600. Asirin yana ga matsar iska: injin gas ya kan matse iskar da ke cikin silinda kusan ninki 17, har ta yi zafin da mai ke kamawa da kansa ba filogi, na fetur kuwa wajen ninki 10 ya ke tsayawa. Saboda haka na gas ya fi jan kaya cikin natsuwa, ya kuma fi tsimin mai nesa ba kusa ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da kowa gas zai saya. Sai dai injin gas na zamanin nan ba irin na da ba ne. Tun daga wajen 2009 dokokin Turai su ka sa ana girka masa matatar toka a cikin salansa. Matatar ba ta ƙone tokar da ta tara sai mota ta yi doguwar tafiya ta ɗau zafi sosai. Mutumin da ke zaune a Landan, iyakar tafiyarsa daga gida zuwa makarantar yara, zai toshe ta cikin 'yan watanni. Har wa yau, tun watan Agusta na 2023 duk motar gas da ba ta kai matakin Euro 6 ba, galibi waɗanda a ka yi kafin ƙarshen 2015, tana biyan fam 12.50 kowace ranar da ta yi yawo a cikin birnin. Irin waɗannan motoci kuma gas mai ƙarancin farar wuta a ka yi su domin su sha. Wanda ya loda wa jirgi irinta zuwa ƙasar da gas ɗinta ke da farar wuta da yawa, matata da allurar mai za su riƙa kai shi gareji.

Sai batun tabo, watau fankar nan da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta riƙa cusa iska cikin silinda. Amfaninta a fili ya ke a kan tudu. Injin da ba shi da ita ya kan rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau, domin iska tana ƙara sirancewa. Wanda ya ja tirela daga Makka zuwa Ɗa'ifa, wadda ke sama da teku da kimanin mita 1,800, zai isa da kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin injinsa ya tafi. Mai tabo ba ya jin haka sosai. Amma fa ƙaramin injin da a ka tilasta wa aikin babba a cikin zafi da matsi ya ke rayuwa, kuma ba ya yafe wa wanda ya yi sakaci da juyen baƙin mai.

Suna kaɗai ba ya isa shaida. A 2024 Toyota da kanta ta kira motoci kimanin 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600 masu sabon injin lita 3.4 mai tabo biyu, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya saura cikin injin tun daga masana'anta, ta kuma ɗauki alkawarin sake musu injin. Makanikan Ingila kuma sun daɗe da sanin injin gas mai silinda shida na Discovery da Range Rover Sport da karyewar karanshaf. Mai saye ya kamata ya kai lambar shasi wurin wakilin kamfani, a duba masa ko an kira motar, ko kuma an yi gyaran.

In an auna duka, wanda jan kayansa jefi-jefi ne, kuma yawancin zirga-zirgarsa cikin gari, babban injin fetur marar tabo ya fi masa kwanciyar rai, ko da ya ke zai sha kashi a gidan mai. Na gas na wanda ke jan kaya kullum ne a kan doguwar hanya, inda mai tsabtatacce ya ke samuwa.

Ran da za a duba mota, a je da sassafe tun ba a tada ita ba, domin injin mai ɗumi ya kan ɓoye ƙarar sarƙa da hayaƙi. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga kumfa mai kama da madara, wataƙila ruwa na shiga inda bai kamata ba. A dubi lagireto da robobinsa da famfon ruwa ko akwai busasshen tabon yoyo. Man giya ma abin dubawa ne ƙwarai, don a mota mai canja giya da kanta shi ne ke fara dahuwa wajen jan kaya. Mai kyau galibi ja ne, wanda ya sha wuta kuwa ya yi duhu yana warin ƙuna. In tsohuwar LX 470 ce, mai lita 4.7, a nemi takardar da ta nuna an sake bel ɗin cikin injin, wanda a ke sakewa kowane mil 90,000. Ƙugiyar jan tirela da ta goge ta yi sheƙi tana faɗin irin aikin da motar ta sha, ko mai ita bai faɗa ba.

Iyakar nauyin da mota za ta ja yana rubuce a littafinta da farantin da ke jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. A Ingila doka ba ta bar irin waɗannan motoci su ja tirelar da ta wuce kilo 3,500 ba, ita ma sai mai birkinta. Nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙugiya kuwa cikin kayan motar a ke lissafa shi, tare da fasinja da jakunkunansu.