BABI NA UKU: DARUSSAN SANA'AR ƊAB'I DA TA NA'URORIN SANYAYA A KWALEJOJIN FASAHA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bayyana irin darussan da ake koya wa ɗaliban sana'ar ɗab'i da na gyaran na'urorin sanyaya a kwalejojin fasaha. An zaɓi Unguwar Rimi ta Kaduna a matsayin farfajiyar nazari saboda kusancinta da cibiyoyin wannan ilimi. Manufar babin ita ce ya nuna cewa abin da ya bambanta ɗalibin kwaleji da yaron shago shi ne sanin dalilin aiki, domin shi ne ke tsare mai sana'a idan kayan aiki suka sauya.

3.1 Cibiyoyi da Tsarin Karatu

An kafa Makarantar Fasaha ta Kaduna a 1956, ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968, sannan Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1991. Ɗaya daga cikin harabobinta yana Unguwar Rimi, inda ake karatun kasuwanci da gudanarwa, babbar harabar kuwa tana Tudun Wada. Kwalejin tana da sashe na musamman na fasahar ɗab'i. A Malali, maƙwabciyar Unguwar Rimi, akwai Kwalejin Fasaha ta Gwamnati, wadda ke ɗaukar ɗalibai a matakin sakandare.

Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke tsara manhaja. Jarrabawar kammalawa kuwa tana hannun hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 a birnin Benin. Ɗalibi yakan shiga kwalejin fasaha bayan ƙaramar sakandare, ya yi shekara uku, ya sami takardar shaida ta NTC. Manhajar ta kasu kashi uku: darussan gama-gari kamar Ingilishi da lissafi da kimiyya, sai darussan sana'a a aji da ɗakin aiki, waɗanda su ne suka fi cin lokaci, sai kuma zaman koyon aiki a masana'anta.

3.2 Darussan Sana'ar Ɗab'i

Ɗab'i ba baƙo ba ne a wannan yanki. An fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan jaridar New Nigerian ta fara fitowa a Kaduna a 1966. A da, mai ɗab'i yakan jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, a shafa musu tawada, a danna su a kan takarda. A yau da kwamfuta ake tsara shafi.

Ana iya kasa darussan gida uku. Na farko shi ne shirin aiki, wato tsara haruffa da hotuna da rarrabe launi da yin faranti. Na biyu shi ne sarrafa injin bugu. Na uku shi ne ƙarasa aiki, wato yanka da naɗewa da ɗinki da sa bango.

Ginshiƙin bugun zamani na ofset shi ne cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa. Ana shirya farantin alminiyam ta yadda wurin rubutu zai kama tawada mai maiƙo, sauran wurin kuma ya kama ruwa ya ƙi tawada. Daga faranti hoton yakan koma kan roba, daga roba ya sauka a kan takarda. Hoto mai launi kuwa, da tawada huɗu ake fitar da shi: shuɗi mai haske da ja mai sirkin shunayya da rawaya da baƙi. Ɗalibin da ya fahimci wannan, idan ya ga aiki ya yi dauɗa, zai fara duba daidaiton ruwa da tawada kafin ya ɗora wa inji laifi.

3.3 Darussan Na'urorin Sanyaya

A ƙasashe masu sanyi wannan sana'a ta haɗa da ɗumama ɗaki, amma a ƙasar Hausa aikin ya fi karkata ga firij da na'urar sanyaya ɗaki. Darasi na farko shi ne cewa na'ura kwashe zafi take yi daga wani wuri ta zubar a wani. Bahaushe ya san wannan tun daga randa: ruwan da ke tsattsafowa a jikinta yana bushewa, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi.

A cikin firij, gas ne ke wannan aiki a matakai huɗu. Kwamfaresa yakan matse gas ya yi zafi. Daga nan ya bi bututun baya, ya saki zafin, ya zama ruwa. Sai ya ratsa siririn bututu, matsinsa ya ragu. A ƙarshe ya shiga bututun ciki, ya tsotse zafin abinci, ya koma gas. Ban da wannan, ana koyar da haɗa waya da waldar bututun jan ƙarfe da gano yoyo da auna gas.

A nan ne muhimmancin sanin dalili ya fi fitowa fili. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta tanadi daina amfani da gas ɗin da ke lalata rufin ozon na sararin sama, kuma wa'adin daina R12 a ƙasashe masu tasowa ya cika a 2010. Aka koma ga R134a da R600a. Shi R600a yana kama wuta. Saboda haka makanikin da ya saba da R12, idan ya kai wutar walda kan bututun da bai kwashe wa gas ba, yana iya jawo gobara a kansa da shagonsa.

3.4 Dangantakar Sana'o'in Biyu

Mai karatu zai iya tambayar dalilin haɗa waɗannan sana'o'i a babi ɗaya. Tarihi ne ya haɗa su. A 1902 wani injiniya mai suna Willis Carrier ya ƙera na'urar daidaita iska ta zamani domin wata maɗaba'a a birnin Niyok na Amurka. Matsalar maɗaba'ar ita ce laima tana sa takarda ta kumbura, launuka su ƙi hawa kan juna daidai.

Idan aka lura, wannan matsala tana nan a Kaduna. Da damina takarda takan sha laima ta miƙe, da hunturu kuma ta bushe ta lanƙwashe, har shafuka su riƙa mannewa da juna a bakin inji. Ke nan mai ɗab'i yana bukatar sanin yanayin iska, mai gyaran na'ura kuma yana bukatar sanin cewa aikinsa ya shafi laima kamar yadda ya shafi zafi.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an kawo cibiyoyin da ke kula da ilimin fasaha a Kaduna, da rabe-raben darussan sana'o'in biyu, da abin da ya haɗa su. An ga cewa kayan aiki sun sauya daga haruffan ƙarfe zuwa kwamfuta, daga R12 zuwa R600a, alhali ƙa'idojin kimiyyar da aikin ya dogara a kansu suna nan yadda suke. Don haka ya kamata a riƙa gwama darasin aji da aikin hannu, a kuma buɗe wa masu koyo a shago ƙofar gajerun kwasa-kwasai. Babi na gaba zai dubi kalmomin da masu waɗannan sana'o'i suke amfani da su a bakin aiki.