Lantarkin da ke ɓuya a murhun mai shayi

Kullum da asuba nakan zauna a teburin mai shayinmu a unguwar Kwamba, ina kallon zafin gawayi yana tashi sama a banza, wayata kuwa na kukan caji. Alhali tun 1821 wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano cewa idan aka haɗa ƙarfe iri biyu, aka zafafa mahaɗa ɗaya, ɗayar na sanyi, lantarki zai gudana. Da wannan dabarar kumbon Voyager da Amurka ta harba a 1977 yake samun wuta.

Kayan aikin ne matsala. Haɗin bismut da teluriyam da aka saba da shi tsada gare shi, ga rashin jure zafi mai tsanani. A 1997 Ichiro Terasaki na Japan ya gwada haɗin sodiyam, kobal da oksijin, sai ga lantarki fiye da zato. Ƙwayoyin lantarkin cikinsa a cunkushe suke, suna turereniya kamar masu cefane a kasuwar IBB ranar jajibirin sallah, kowace ta motsa sai ta kwashi ƙarin zafi.

Abin da ya fi burge ni, gasa wannan haɗin ake yi kamar tangaran. A garinmu nan fa Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a 1954, kuma kobal ɗin nan shi ke ba tangaran launin shuɗi.

Sai dai kada mai shayi ya yi saurin murna. Bambancin zafi na digiri 100 kusan kashi ɗaya cikin ɗari na bolt yake bayarwa, sai an jera ɗaruruwan guntayen haɗin kafin waya ta kama caji.