Ɗanjuma: Sunan Da Rana Ta Ba Yaro

A farkon kowace shekarar karatu, in muka buɗe rajista a makarantun zangonninmu na Kumasi, ba ma rasa yaro mai suna Ɗanjuma. Amma in muka tambaye shi ma'anar sunansa, sai ya sunkuyar da kai, alhali kuwa Kofi da ke zaune kusa da shi nan take zai ce ran Juma'a aka haife shi. Yaran nan biyu ba su san cewa takwarorin juna ne ba.

Ma'anar Ɗanjuma ita ce ɗan da aka haifa ran Juma'a. Kalmar Juma'a daga Larabci muka aro ta, tushenta kuwa shi ne taruwa, domin a ranar ce Musulmi ke haɗuwa a babban masallaci. Mace kuma Jummai ake ce mata. Haka sauran ranaku suke da nasu: Ɗanladi ɗan Lahadi, Ɗantala ɗan Talata, Balarabe ɗan Laraba, Ɗanlami ɗan Alhamis, Ɗan'asabe ɗan Asabar. Maƙwabtanmu Ashanti ma haka suke yi. Marigayi Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, a nan Kumasi aka haife shi ran Juma'a a 1938. Da a zango ne, da Ɗanjuma za a ce masa.

To, amma Ɗanjuma ba sunan yanka ba ne. Sunan yanka shi ne wanda liman ke raɗawa a rana ta bakwai, kamar Muhammadu ko Abubakar. Dalilin na biyun kuwa alkunya ce. In an mayar wa yaro sunan kakansa, uwa ba za ta iya kama sunan surukinta da bakinta ba, haka kuma ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Sai a sakaya da sunan rana, a wayi gari shi ya bi yaro.

A nan ne mu malamai ke ganin matsala. Uba ya rubuta Abubakar a takardar haihuwa, uwa ta kawo yaro makaranta ta ce Ɗanjuma, mu kuwa mu rubuta abin da muka ji. Sai ranar cike takardun jarrabawa ko neman fasfo a tarar sunaye sun saɓa, a shiga zirga-zirgar rantsuwa a kotu da kashe kuɗi.

Don haka shawararmu ga iyaye ita ce, ran da za ku kawo yaro aji ɗaya, ku riƙo takardar haihuwarsa, suna ɗaya ya tafi a kowace takarda. A gida kuwa a ci gaba da kiran Ɗanjuma, a kuma gaya masa dalili, domin in an tambaye shi ya amsa da bakinsa. Allah Ya raya mana su.