Horon Masu Gyaran Lantarki A Masana'antu

A shekarar 1971 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, wanda hedkwatarsa ke Jos. Masu gyaran lantarki na cikin waɗanda suka fi bukatar irin wannan horo, domin wutar da ke juya injuna a Bompai da Sharaɗa takan kai bolt 415, alhali ta gida 240 ce.

Abin da ake fara cusa wa ɗalibi shi ne, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Sai ya garƙame shi da kwaɗo, ya jefa mabuɗin aljihu, kana ya auna wayar kafin ya taɓa, don kuwa abokin aiki na iya maido da wuta cikin rashin sani, kafasito kuma yakan riƙe caji ko bayan an kashe.