Masu Raina LabVIEW Da Abin Da Ba Su Gane Ba

Tun da kamfanin Emerson ya kammala sayen National Instruments a watan Oktoban 2023 kan dala biliyan 8.2, injiniyoyin da ke aikin gwada na'urori da aune-aune suke ta ce-ce-ku-ce, wai manhajar LabVIEW ta National Instruments ta kusa zama tarihi. Masu faɗin haka suna da hujja. A 2020 National Instruments ya sanar da dakatar da sabon samfurin LabVIEW NXG bayan shekaru yana gina ta, a 2022 kuma ya mayar da lasisi na haya, a lokacin sai an biya duk shekara. Ga yaren Python kyauta, matasa suna ta rububinta.

Kukan tsada yana kan hanya. Abin da ke ɓata rai shi ne maganar da ake liƙawa a gefensa, cewa ai LabVIEW zane ne kawai, wasan yara, duk wanda ya iya riƙe linzamin kwamfuta zai yi.

Jeff Kodosky, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa National Instruments a Austin ta jihar Texas a 1976, shi ake kira uban LabVIEW, wadda ta fito a 1986 a kan Macintosh. A yarenta, mai suna G, injiniya yana jera akwatuna ne ya haɗa su da wayoyi masu launi: ruwan lemo na lamba mai ɗigo, shuɗiya ta cikakkiyar lamba, koriya ta e ko a'a. Idan aka haɗa waya inda bai dace ba, kibiyar kunnawa sai ta tsage, aikin ya ƙi tashi. Ana juya zanen zuwa yaren inji kamar yadda ake yi wa yaren C. Haka ne, a kanta aka gina manhajar wasan Lego Mindstorms NXT a 2006, amma da ita ce kuma cibiyar CERN ke sarrafa na'urorin da ke tare ɓarɓashin da ya kauce hanya a babban injinta na LHC.

Inda akasari ake tuntuɓe shi ne dokar gudanar bayanai. A yaren rubutu, layi na ɗaya yana gudana kafin na biyu. A G kuwa, akwati ba ya motsi sai duk wayoyin da ke shiga cikinsa sun kawo kayansu. Kamar motar haya ce a tasha, ba ta tashi sai ta cika, ko da ita ce a gaban layi. Kamar tuwo ne, ruwa ya tafasa amma gari bai dawo daga niƙa ba, dole mai girki ta zauna. Akwatuna biyu da babu waya tsakaninsu kuma kamar kishiyoyi ne kowacce da murhunta, babu mai jiran wata, kuma ba a san wadda za ta riga saukewa ba. Sabon shiga yana ganin ya ajiye wannan a hagu, wancan a dama, sai ya ɗauka na hagu ne zai fara. Inji bai san hagu da dama ba, waya kawai ya sani.

Daga nan matsala ke fitowa idan akwatuna biyu suna rubutu a ma'ajiya guda, tamkar yaran shago biyu da littafin bashi ɗaya, wannan ya rubuta, wancan ya goge ya ɗora nasa. Yau gwajin ya wuce lafiya, gobe ya faɗi ba tare da an taɓa komai ba. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa a ratsa wayar kuskure ta cikin akwatuna don tilasta musu bin layi, a rage dogaro da ma'ajiyoyin gefe, a kunna alamar ƙwan fitila a ga bayanai suna tafiya a hankali. Zanen da ya fi faɗin allon kwamfuta kuma a yanka shi ƙanana, tun kafin ya zama abin da suke kira taliya.

Yawancin taliyar nan laifin manyan ma'aikata ne. Su sayi lasisi mai tsada, su miƙa wa injiniyan lantarki ba tare da horo ba, tunda ai zane ne, bayan shekara biyar ya bar aiki, a rasa mai iya warware abin da ya bari.

Masu sana'ar ba su zauna jiran kamfani ba. A 2018 suka fara taronsu na GDevCon a Cambridge ta Ingila, suna kuma musayar kayan aiki kyauta ta manhajar VIPM ta kamfanin JKI. Jarrabawar shaidar ƙwarewa ta CLD da ake alfahari da ita awa huɗu ce ta gina manhaja mai aiki. Ita Python ma, tun 2018 ana iya kiranta daga cikin zanen LabVIEW.

Wanda ke son gwadawa da hannunsa kafin ya yanke hukunci, akwai LabVIEW Community da aka saki a 2020, kyauta ce ga mai amfanin gida da ba na kasuwanci ba, kuma tana aiki da Arduino da Raspberry Pi.