Hirar Dare a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi

A cikin ƙasashen da Allah Ya hore wa dukiya akwai waɗansu garuruwa da aka raya a tsakiyar hamada domin baƙi masu neman hutu, waɗanda idan rana ta take sai kowa ya shige ɗaki mai sanyi ya rufe ƙofa, in ta faɗi kuwa sai gari ya farka baki ɗaya, a kunna fitilu, a buɗe gidajen abinci da na kiɗa da mashaya, ba a tashi sai goshin asuba. Mafi shahara daga cikinsu shi ne Las Begas ta jihar Nebada a Amurka, wadda aka kafa a 1905 a matsayin zangon jirgin ƙasa, sa'an nan da hukumar jihar ta halatta caca a 1931 sai ta zama matattarar masu kuɗi daga kowace nahiya. A irin mashayar waɗannan wurare akwai ma'aikacin da ba shi da wata sana'a sai haɗa abin sha, ya zuba barasa mai ƙarfi, ya kawo ruwan 'ya'yan itace da sukari da ƙanƙara ya gauraya, kowane haɗi da sunansa da irin kofin da ake miƙa shi a ciki, mutane kuwa su zauna a kan dogayen kujeru suna kurɓa a hankali suna taɗi.

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a ga misalin wannan, domin Agadas ta ƙasar Nijar, wadda Hausa ce harshen kasuwarta, ta taɓa ɗanɗana irin wannan zamani. A shekarun 1980 Turawa masu yawon buɗe ido sun riƙa sauka cikinta ayari ayari, wasu don su ga duwatsun Azbin da rairayin Tenere, wasu suna biye da tseren motocin da ake yi daga Faris zuwa Dakar, kuma da dare sukan hau soron Otal ɗin Ayar, wato ginin nan da aka yi wa jagoran Buzaye Kawsan a 1917, su zauna suna kallon hasumiyar masallacin da aka gina da laka. Da tawayen Buzaye ya ɓarke a 1990, ya kuma sake dawowa a 2007, sai baƙin suka janye, masu otal da direbobi da maƙeran azurfa suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ko da yake a 2013 an shigar da tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Abin lura a nan shi ne, babu wata doka da ta hana dare a Agadas; rashin aminci ne ya kore shi.

To, Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ba garuruwan hamada ba ne, ba kuma a zuwa cikinsu don yawon shaƙatawa, amma sun yi tarayya da waɗancan a kan abu guda wanda shi ne asalin al'amarin duka, wato zafi. Duk wanda ya yi bazara a arewacin Zamfara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40, ƙasa ta ɗauki wuta, ɗaki ya ƙi shiguwa har bayan isha'i, ya san cewa fitar mutane waje da dare lalura ce ta rayuwa tun kafin ta zama nishaɗi. Manomi da ya wuni a gona, da ɗan kasuwa da ya wuni a rumfa, da malami da ya wuni kan buzu, ba su da wani lokaci na ganin juna, da jin labarin gari, da sasanta ƙananan husuma, da ƙulla maganar aure, in ba wannan ɗan tsakani da ke bayan sallar magariba zuwa lokacin kwanciya ba. Malamanmu na fiƙihu, waɗanda suka karhanta hira bayan isha'i don gudun kada a makara sallar asuba, su da kansu sun togace hirar ilimi, da hirar baƙo, da ta matafiyi, da ta mutum da iyalinsa, saboda sun fahimci cewa shari'a tana gyara ɗabi'ar ɗan Adam ne, ba ta tumɓuke ta.

A zamanin kakanni dandali ne cibiyar dare. In kaka ta yi, aka kai amfani rumbu, farin wata ya fito, sai 'yan mata su fita gaɗa, makaɗan kalangu su zo, samari su yi ta kokawa da dambe, yara kuwa su kewaye tsohuwa a tsakar gida tana yi musu tatsuniya, wadda al'ada ta hana a yi ta da rana. A gefe guda ga almajirai sun hura wutar kara suna biya allo, muryarsu tana tashi har bayan gari. Wannan yanki kuwa ba baƙo ba ne ga kiɗa da waƙa, domin daga Tubali ta ƙasar Shinkafi aka sami Ibrahim Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙin da har yau masana harshe ke nazarinsu, kuma sunan Zurmi ya zaga ƙasar Hausa a bakin masu sauraron Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri da mafarauta. Lalle ba duk abin da ake yi a dandali ne malamai suka yarda da shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya yi inkarin cuɗanyar maza da mata da sauran bidi'o'in da ya tarar, kuma daga cikin waɗanda suka amsa kiransa har da Namoda, jarumin Alibawan Zurmi, wanda yana cikin shugabannin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, wanda kuma garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa. Tun daga wancan lokaci ake ta ja-in-ja tsakanin malami da makaɗi a kan mallakar dare, kuma yawancin jama'a sun rayu suna girmama na farko, suna sauraron na biyu.

Babban sauyi ya zo ne a 1929, shekarar da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta iso Ƙauran Namoda ta tsaya. Garin da dogo ya ƙare a cikinsa yana da wata ɗabi'a tasa daban, domin duk abin da za a fitar daga ƙasashen da ke bayansa, gyaɗa ce ko auduga ko fatu ko dabbobi, dole a nan zai taru, duk wanda kuma ya sauka daga jirgi da yamma dole a nan zai kwana. Sai ga kamfanonin Turawa da ma'aunansu, ga akawuna da ma'aikatan reluwe daga Kudu, ga 'yan dako da leburori da 'yan ci-rani waɗanda suka baro iyalansu a ƙauye, aljihunsu da 'yan sulalla, ba kuwa idon uba ko na liman a kansu. Turawan mulki, bisa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasels a 1890, sun sanya Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar da ake shigowa da ita daga waje, amma suka bar ƙofa a unguwannin baƙi, inda ake ba da lasin, kuma burkutu da ake dafawa da dawa ba ta taɓa jiran lasin kowa ba. Ta haka Sabon Gari, a Ƙaura kamar yadda yake a Gusau da Funtuwa da Nguru, ya zama wata duniya ta dabam bayan faɗuwar rana, mai mashaya, da gidajen magajiya, da kiɗan goge, da tabarmar karta. Ba na son in ƙawata wannan zamani, domin dattawa sun sha ba da labarin mutumin da ya sayar da gyaɗar shekara ya ƙarar da kuɗin a dare biyu, ya koma gida hannu rabbana, mata da 'ya'ya suna jiran tufafin salla. Amma adalci ne a ambaci cewa a waɗannan unguwanni ne Bahaushe da Bayarabe da Ibo suka riƙa zama a benci guda suna koyon harshen juna.

Shinkafi ita kuma darenta na kasuwa ne. Kasuwar Alhamis, wadda ke jawo fatake daga Sakkwato da Katsina da Nijar har da masu sayen shanu daga Kudu, a haƙiƙa tun daren Laraba take ci, lokacin da motoci ke sauka, masu masauki suna karɓar baƙinsu, dillalai suna zagayawa suna jin farashi, masu tsire da masu tuwo suna hura wuta, kuma ciniki da yawa da ake tafa hannu a kansa da hantsi a wannan daren aka riga aka gama maganarsa.

An ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, kuma ranar 27 ga Oktoba 1999 gwamnanta na farko na farar hula, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki cikin Janairu 2000. Aka soke lasin sayar da giya, aka rufe mashaya da gidajen caca da na karuwai da silima, aka kuma tanadi haddin bulala 80 ga Musulmin da aka tabbatar ya sha, kamar yadda mazhabar Imamu Malik ta tafi a kai. A lokacin mutane da yawa, musamman na nesa, sun ɗauka cewa dare ya mutu ke nan a waɗannan garuruwa. Ba haka aka yi ba, kuma wannan ita ce hujjar da nake son mai karatu ya riƙe. Teburin mai shayi, wanda da ma yana nan, shi ya gaji taron. Je ka bakin tasha ko kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, ka ga mai shayi tsaye tsakanin gwangwanayen madara da tulin burodi, yana ɗaga kofi sama yana sheƙa ruwan cikin wani don ya huce, ya san wanda ke son kauri da wanda ke son ruwan bunu, ya san mai biya nan take da wanda za a rubuta wa sai ƙarshen wata. Ga mai tsire a gefe yana barbaɗa yaji, ga mai ƙwai da indomi, ga masu zoɓo da kunun aya da fura mai ƙanƙara, ga gidan kallon ƙwallo inda injin ke ruri matasa suna gardama a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen. In watan azumi ya kama kuwa, sai dare ya koma rana: tafsiri, da tarawihi, da tashen yara, da tahajjudi a goman ƙarshe, teloli kuma suna kan keke har sahur. Wannan ya nuna cewa abin da akasarin mutane ke nema a wurin zaman dare shi ne 'yan'uwansu mutane, abin sha kuwa dalili ne kawai na zama.

Ba a ce an rabu da mafsada ba. Da aka toshe ƙofar kwalba, sai waɗansu matasa marasa aikin yi suka koma ga ƙwayoyi da maganin tari mai kodin, wanda illarsa ta kai har gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018, kuma irin wannan maye ya fi na mashaya wuyar magani, domin a kango da lungu ake yin sa, inda babu dattijon da zai gani ya tsawata. Saboda haka majalisar da ke a fili, ƙarƙashin fitila, inda yaro ke zaune kusa da sa'an babansa, ni a wurina kariya ce ga tarbiyya, kuma iyayen da ke kallon teburin mai shayi a matsayin wurin ɓata lokaci ya kamata su sake auna al'amarin.

Abin da shari'a ba ta kashe ba, shi ne yau tsoro ke neman kashewa. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindigar da suka yi sansani a dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu suna addabar ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, suna tare hanyar da ta haɗa garuruwan uku, suna satar mutane don karɓar fansa, suna ɗora wa manoma haraji kafin su girbe abin da suka shuka da hannunsu. A watan Satumba na 2021, da hukuma ta so ta matse su, aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana hawa babur daga yamma zuwa safiya, kuma ko mene ne amfanin waɗannan matakai ta fuskar yaƙi, talakan da abincinsa ke fitowa bayan magariba shi ya fara jin nauyinsu. A ƙauyuka da dama an daina gaɗa, an daina dambe, karatun dare ya koma cikin zaure, akwai ma inda mutane ke barin ɗakunansu su kwana a jeji saboda jeji ya fi gida aminci. A cikin manyan garuruwan har yanzu ana zama, amma ana zaman ne kunne na kan hanya, kuma ƙarar babur biyu ko uku a jere ta isa ta watsa majalisa.

Masu mulki kan auna zaman lafiya da yawan sojojin da aka tura da yawan bindigogin da aka ƙwato, to ina roƙonsu su ƙara da wani ma'auni wanda kowane hakimi da dagaci zai iya dubawa da idonsa, wato ƙarfe nawa mai shayi ke kwashe teburinsa a Moriki ta ƙaramar hukumar Zurmi, da motoci nawa ke kwana a Shinkafi daren Laraba. Ina kuma kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, da masarautunsu, da 'ya'yan yankin da Allah Ya buɗa wa a Kano da Abuja da Legas, su sa fitilu masu aiki da hasken rana a tashoshi da bakin kasuwanni da ƙofofin masallatai, su tsaya a tsare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi dare da rana, su kuma tallafa wa masu ƙananan sana'o'in dare da jari, domin da yawansu 'yan gudun hijira ne da suka baro gonakinsu, kuma da wannan teburi suke ciyar da marayu.