Yaƙin Taurari: Matani Da Sharhi, Da Gwanin Kowace Tsara

Malamai sun san irin littafin nan da sharhinsa ya fi shi kauri, har a tarar da ɗalibi ya haddace abin da ke gefen shafi ya bar na tsakiya. To, irin wannan al'amari ya auku a ƙasar Amurka ga wani labari na ƙage wanda a ke kira Star Wars, watau Yaƙin Taurari. Wani mutum mai suna George Lucas ne ya tsara shi, aka fara nuna shi a gidajen silima ran 25 ga watan Mayu, 1977. Asalinsa hikaya ce ta wani saurayi ɗan ƙauye, Luke Skywalker, da 'yan tawayen da su ka tasam ma wata azzalumar daula mai mulkin taurari. Silimar ita ce matani. Amma littattafai, da mujallun zane, da wasannin rediyo da na kwamfuta waɗanda aka gina a kanta sun ninka ta ba adadi, kuma kowace tsara ta masoyan labarin tana da nata gwani a cikin wannan sharhi, wanda ta ke ganin ya kai matanin ko ma ya ɗara shi.

Yaran farko, waɗanda su ka kalli silimar tana sabuwa, galibinsu ba su da hanyar sake ganinta a gida. In ta bar gari, sai haƙuri. Saboda haka su ka rungumi duk abin da ya faɗo. Kamfanin Marvel ya riƙa buga mujallar zane tun daga 1977 har 1986, ta fita sau 107. A 1978 Alan Dean Foster ya fitar da littafin farko mai ci gaba da labarin, kuma da gangan aka rubuta shi a kan wata duniya mai hazo da fadama, da mutane kaɗan, domin in silimar farko ta yi kwantai a iya mai da shi silima ta biyu da kuɗi kima. Ba ta yi kwantai ba, aka bar shi littafi. A 1981 kuma aka yi wasan rediyo kashi 13, bayan Lucas ya sayar wa gidan rediyon jami'ar da ya yi karatu izinin yinsa a kan dala ɗaya tak. 'Yan kasuwa za su so jin wannan ma: kamfanin Kenner, da ya ɗauki kwangilar 'yan tsana, bai iya shirya kaya ba kafin bikin Kirsimeti na 1977, sai ya sayar da kwali mai ɗauke da takardar alkawari, ba 'yan tsana a ciki, mutane kuwa su ka saya.

Bayan silima ta uku a 1983, kasuwa ta yi sanyi, har aka ɗauka labari ya ƙare. Sai a 1991 wani marubuci, Timothy Zahn, ya fito da littafi mai suna Heir to the Empire, watau Magajin Daula, ya hau kan jerin littattafan da su ka fi ciniki na jaridar New York Times. Na biyu ya biyo a 1992, na uku a 1993. Daga nan ne tsara ta biyu ta sami gwaninta, wani sarkin yaƙi na daular da aka rushe, sunansa Thrawn, mai shuɗiyar fata da jajayen idanu.

Abin da ya sa Thrawn ya shiga ran mutane shi ne ya saɓa wa mugayen silimar. Su da tsafi da tsoratarwa su ke mulki, in bara ya yi kuskure a shaƙe shi nan take. Shi kuwa ba shi da wani ƙarfi na ɓoye, sai nazari. Yakan tara zane-zane da sassaƙe-sassaƙen al'ummar da zai yaƙa, ya zauna yana dubansu har ya gane inda tunaninsu ya ke da gurbi, sa'an nan ya kai hari ta nan. Kowane tsohon fatake ya san wannan dabara, gama ba a shiga kasuwar baƙin gari sai an san abin da mutanenta ke ƙawata ɗaki da shi. Ƙarshensa ma da ma'ana: ba Luke ne ya kashe shi ba, dogarinsa ne, Rukh, ya soke shi bayan ya gane cewa daular ta daɗe tana yaudarar ƙabilarsu tana bautar da ita da sunan taimako.

A cikin littattafan nan kuma aka san Mara Jade, mace mai jan gashi, 'yar aiken sirri ta sarkin daular, wadda ta fito da niyyar kashe Luke, ƙarshe a wasu littattafan na baya ta zama matarsa, su ka haifi ɗa mai suna Ben. Zahn ne kuma ya raɗa wa babban birnin daular suna Coruscant, Lucas ya ɗauki sunan ya sa a silimarsa ta 1999. Ga sharhi ya shiga matani ke nan, abin da ba kasafai a ke gani ba.

Da littattafai su ka yi yawa, masu buga su su ka ga mai karatu ya daina jin tsoro wa jaruman, tun da ya san ba mai mutuwa. Sai a 1999 aka sa R. A. Salvatore ya kashe Chewbacca, ƙaton aminin nan na Han Solo mai gashi buzu-buzu, wata ya faɗo kan duniyar da ya ke tsaye. Wasu masoya su ka fusata har su ka aika wa marubucin barazanar kisa, alhali umurni aka ba shi. Tsara ta uku kuwa ba ta damu da takarda sosai ba. Gwaninta Revan ne, na wasan kwamfuta mai suna Knights of the Old Republic wanda kamfanin BioWare ya yi a 2003, labarinsa wajen shekara 4,000 kafin Luke. A tsakiyar wasan ne mai wasa ke gane cewa mugun da a ke ta ba shi labari, ashe shi ne da kansa, an shafe masa tunani.

Mafi ban mamaki ita ce Ahsoka Tano. A 2008 aka fito da ita cikin zanen motsi mai suna The Clone Wars, wanda Lucas ya shirya tare da Dave Filoni, a matsayin almajirar Anakin Skywalker. Manya su ka ƙi ta ƙememe, su ka ce yarinya ce mai tsiwa, kuma ina aka taɓa jin Anakin yana da almajira? Yara kuwa su ka girma tare da ita. Da aka kai 2013, inda aka yi mata ƙazafi, malamanta su ka kore ta, gaskiya ta bayyana su ka ce ta dawo ta ƙi, har waɗanda su ka zage ta da fari sun sauko.

Duk wannan tarin ruwayoyi ba zai rasa karo da juna ba. Saboda haka kamfanin Lucasfilm ya sa wani ma'aikaci, Leland Chee, ya riƙe kundi yana ba kowane labari daraja: na Lucas da kansa a sama, sai na talbijin, sai littattafan da su ka dace da juna, sai tsofaffin da a ke tsinta a zubar, sai waɗanda ba a lissafa su sam. In biyu sun saɓa, na sama ya rinjaya. Lucas dai ya sha faɗi cewa littattafan wata duniya ce dabam da tasa, amma masoya ba su ɗauki maganar da nauyi ba sai da ciniki ya faɗa. A watan Oktoba, 2012, kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan dala biliyan 4 da 'yan kai. Ran 25 ga Afrilu, 2014, aka yi shela cewa silima shida da The Clone Wars ne kaɗai tabbatattu, sauran duka an sa musu suna Legends, watau almara.

Ta fuskar ciniki, sabon mai kanti yana da hujja. Ba zai yiwu a ce wa mai zuwa silima sai ya karanta littafi ɗari kafin ya gane inda aka kwana ba, kuma ga Chewbacca a mace, alhali ana son a nuna shi da rai, kamar yadda aka yi a silimar 2015. Amma wanda ya yi shekara ashirin yana sayen littattafan nan da guminsa bisa cewa su ne ci gaban labarin, shi ma bai yi laifi ba in ya ji an ci amanarsa. A 2016 wasunsu su ka yi karo-karo su ka kafa allon talla a birnin San Francisco suna roƙon a ci gaba da tsohon labarin. Ba a biya musu bukata ba.

Sai dai abin da aka kora ta ƙofa an riƙa shigo da shi ta taga. A silimar 2015 ɗan Han da Leia ya koma ɓangaren mugunta, kamar yadda ɗansu Jacen ya yi a littattafan da aka soke, kuma sunansa Ben. A 2016 aka dawo da Thrawn cikin zanen motsi na Rebels, a 2017 Zahn ya fito da littafi inda ya sake rubuta tarihinsa daga farko. A 2023 kuma, cikin wasan talbijin mai suna Ahsoka, Rosario Dawson ta fito a matsayin Ahsoka, Lars Mikkelsen a matsayin Thrawn, gwanin iyaye da gwanar 'ya'ya su ka zama abokan gaba a wasa ɗaya. Mara Jade ce ba ta sami wannan rabo ba. An riga an kashe ta a wani littafi na 2007, kuma Luke na sababbin silimomi ba a nuna shi da mata ba. Tsofaffin littattafanta dai an ci gaba da sake buga su ana sayarwa, da kalmar Legends a rubuce saman bango.